Bayan Tiyata: Binciken Farfaɗo da Yaran da Cutar Noma Ta Naƙasa

Cutar noma ciwo ne da ke cinye naman baki da na fuskar ƙananan yara cikin ƴan kwanaki. Da wannan suna likitoci suka san ta a ko'ina cikin duniya, kuma sunan ba shi da haɗi da aikin gona. Ta fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, wato daga lokacin yaye zuwa sa'ad da haƙoran girma suka fara fitowa, musamman yaran da tamowa ta riga ta raunana, ko waɗanda ba su daɗe da tashi daga ƙyanda ko masassarar cizon sauro ba. Ba a ɗaukarta daga wani zuwa wani. Yaron da ke fama da ita ba ya shafa wa ƙannensa ko abokan wasansa, don haka babu dalilin ɓoye shi a ƙuryar ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa tafiyar cutar mataki-mataki. Da fari dasashi ne ke yin ja, yana zubar da jini da an taɓa shi. Daga nan sai gyambo ya buɗe a dasashin, baki ya riƙa wari, yawu na dalala, yaro ya ƙi abinci. Mataki na gaba, kunci ko leɓe ya kumbura, jiki ya ɗau zafi. Idan aka kai yaro gidan likita a waɗannan matakai, magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol, tare da wanke baki da abinci mai gina jiki, sukan tsayar da ciwon, fuska ta tsira. Idan kuwa aka makara, wurin da ya kumbura sai ya yi baƙi, naman ya mutu ya zube, ya bar ramin da ake hango haƙora da ƙashi ta cikinsa. Daga kumburi zuwa zubewar nama, sau da yawa ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu.

A shekarar 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ne ke kamuwa kowace shekara, kuma 9 cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba suna rasuwa. Ƙiyasin ya tsufa, amma har yau shi aka fi ambata. Turai ma ta san wannan ciwo a ƙarnonin baya. Ya ɓace daga can ne da abinci da tsabta suka inganta, kafin ma a gano magungunan zamani, sannan ya sake bayyana a sansanonin Auschwitz da Bergen-Belsen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yunwa ta kai iyaka.

Waɗanda suka tsira da ransu, su ne abin da fannin farfaɗo da masu naƙasa ya sa a gaba. Wannan fanni na likitanci aikinsa ya soma ne daga inda kashe cuta ya tsaya. Tambayarsa ita ce me mutum ke iya yi da jikinsa bayan ciwo ko rauni ya wuce: yana iya ci, yana iya magana, yana iya tafiya, yana iya zama cikin mutane? Ya haɗa likitocin tiyata, ma'aikatan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, masu gyaran magana, masana abinci da masu kwantar da hankali. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar Lancet a 2020 ya nuna mutum biliyan 2.4, kusan ɗaya cikin uku na jama'ar duniya, suna da lalurar da irin wannan kulawa za ta amfane su. Yaran noma ƴan kaɗan ne cikin wannan adadi, amma lamarinsu ya koya wa masu bincike darasin da ya shafi kowane irin rauni.

Mai kallo daga waje ramin fuska yake gani. Abin da ya fi wahalar da mai ciwon kuwa, sau da yawa, shi ne ƙagewar muƙamuƙi. Idan gyambon ya fara warkewa, tabon da ke maye gurbin naman ba ya miƙewa, ja yake yi yana takurewa kamar ɗanyar fatar da aka shanya a rana. Yakan haɗa muƙamuƙin ƙasa da na sama, ya taurara tsokar tauna, wani lokaci ma ƙashi ya tsiro tsakanin muƙamuƙi da ƙashin kunci ya zama gada mai ƙarfi. Baligi mai lafiya yakan buɗe baki milimita 40 ko fiye, gwargwadon yatsu uku a jere tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Wanda muƙamuƙinsa ya ƙage, wani ko tsinke ba ya shiga tsakanin haƙoransa. Irin wannan yaro ba ya tauna tuwo, sai kunu da fura. Wasu ta gibin haƙori suke tura abinci, wasu ta ramin kuncin kansa. Maganarsu ba ta fita sosai, ba su iya goge haƙora daga ciki, kuma amai kaɗai na iya shaƙe su. Ko a ɗakin tiyata, sa musu bututun numfashi aiki ne da ke bukatar ƙwararre da kayan aiki na musamman.

A Damagaram, tarihin kula da waɗannan yara yana haɗe da gidauniyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a birnin Lozan na Suwizalan a 1980. Ta fara aikin noma a Nijar a 1992, da cibiya a birnin Damagaram inda ake karɓar yara, a yi musu magani, a ciyar da su, a shirya su domin tiyata. Ana yi wa wasu aiki a Yamai, waɗanda lamarinsu ya fi tsanani kuma an sha kai su asibitin jami'a na Janiba. Abin da ya bambanta tsarin shi ne bin yaro har ƙauyensu bayan an sallame shi, ana duba bakinsa, da abincinsa, da karatunsa, shekara da shekaru. Wannan bibiya ce ta sa aka sami bayanan da za a iya yin bincike da su, domin asibitin da ba ya sake ganin majinyacinsa ba shi da hanyar sanin ko aikinsa ya ɗore.

Babban binciken da aka yi a jihar Damagaram ya shafi musabbabin cutar. Ƙungiyar masana ta Janiba mai suna GESNOMA ce ta gudanar da shi daga watan Agusta na 2001 zuwa Oktoba na 2006, shekarun da suka haɗa da matsalar ƙarancin abinci ta 2005. Ga yadda aka tsara shi: duk yaron da aka samu da sabon kamu, ɗan ƙasa da shekara 12, sai a nemi yara 4 sa'o'insa daga ƙauyensu waɗanda ba su kamu ba, a auna su duka, a yi wa iyaye tambayoyi iri ɗaya, a ɗebi samfur daga bakinsu. Hikimar ita ce, tunda ƙauye ɗaya ne, rijiya ɗaya, shekaru ɗaya, duk bambancin da ya fito zai fi nuna abin da ya jawo ciwon. An tattara yara 82 masu cutar da 327 marasa ita, aka buga sakamakon a mujallar Lancet Global Health a 2013, ƙarƙashin jagorancin Denise Baratti-Mayer.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne tsumburewa. Yaron da tamowa mai daɗewa ta hana shi tsawo ƙwarai, haɗarin kamuwarsa ya kusa ninki biyar. Rama mai tsanani ma ta ƙara haɗari, haka nan ciwon ƙirji, zawo ko masassara cikin wata uku da suka wuce, da kuma yawan cikin da uwa ta ɗauka kafin wannan yaro. Akwai wani sakamako da ya ja hankali: gidajen da ba su da kaji sun fi samun masu cutar. Kaza ba magani ba ce. Rashinta a gidan karkara alama ce ta talaucin da ya kai har ƙwai da abin sayarwa ranar kasuwa sun gagara.

Game da ƙwayoyin cuta, binciken ya sauya tunani. Kafin shi, aikin da Farfesa Cyril Enwonwu da abokansa suka yi a arewa maso yammacin Najeriya ya sa ana zargin wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda aka sani da jawo ruɓewar ƙafa a dabbobi. A bakin yaran Damagaram ba a sami wata ƙwaya guda da za a ɗora wa laifi ba. An ga dai daidaiton ƙwayoyin da ke zaune a bakin kowa ya rushe: dangin Prevotella sun yi yawa, wasu dangogin, har da na Fusobacterium, sun ragu. Ma'anar wannan ga mai riga-kafi a fili take. Babu ƙwaya ɗaya da za a yi wa allura. Abinci, allurar ƙyanda, maganin masassara da wuri, tazarar haihuwa da duba bakin yaro su ne katangar.

Binciken farfaɗowa kansa ya fara ne da neman ma'auni. Likitoci biyu ba za su iya kwatanta aikinsu ba sai sun yarda kan yadda ake auna ɓarna. Denys Montandon na Janiba ya kasa raunin fuska gida huɗu, gwargwadon wurin da ya ci da girmansa. Klaas Marck, likita ɗan Holan da ya yi aiki a Sakkwato, ya kawo tsarin da ke ba da maki ga hanci, bayan kunci, cikin kunci, leɓen sama, leɓen ƙasa da ƙagewar muƙamuƙi, kowanne dabam. Buɗewar baki kuwa da ƴar rula ake auna ta, milimita nawa ne tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Kayan awo ne mai arha, amma shi ya tona gaskiyar da hotunan kafin tiyata da bayanta suka daɗe suna rufewa.

An buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato a 1999, inda ayarin likitoci daga Turai suka riƙa zuwa suna tiyata. Ranar sallama sakamakon yakan yi kyau: ramin ya rufe, baki ya buɗe. Sai wasu masu bincike suka yi abin da ba a saba ba, suka bi waɗanda aka saki muƙamuƙinsu har ƙauyukansu. Sun gano mutum 36, a matsakaicin wata 43 bayan sallama, wato shekara uku da rabi. Matsakaicin buɗewar bakinsu milimita 10.3 ne kawai, abin da bai kai faɗin yatsa ɗaya ba. Rahoton, wanda aka buga a 2010, bai yi kwana-kwana ba, ya ce sakamakon dogon lokaci ya yi muni ƙwarai. Irin wannan rahoto ya cancanci yabo, domin ba kowane ma'aikaci ne ke fita neman shaidar gazawar aikin da ya sa hannu a ciki ba. Cikin rahoton akwai haske ɗaya: waɗanda suka ci gaba da atisayen muƙamuƙi bayan sun koma gida sun fi buɗe baki. Haka nan waɗanda suka fi shekaru, da waɗanda kuncinsu ya kasance da taushi idan an taɓa.

Likitocin Janiba ma sun waiwayi nasu aikin. A 2018 suka buga nazarin majinyata 121 da suka yi wa tiyatar sakin muƙamuƙi tsakanin 1990 da 2015. Cikin waɗannan shekaru sun sauya dabara saboda yawan komawa gidan jiya. Maimakon jawo fatar kusa a toshe ramin, sai suka koma ɗauko babban yanki na fata da nama daga wani sashen jiki, tare da jijiyoyin jininsa, su dasa shi a kunci, sannan su yanke ƙahon ƙashin muƙamuƙi da tsokar tauna ke kamawa, ta ɓangarori biyu. Wannan ya ba da buɗewa mafi faɗi, kuma ta ɗore cikin shekaru uku na bibiya. Abu na biyu da ya yi tasiri kan dogon lokaci shi ne nagartar atisaye. Daga nan suka yanke hukunci mai nauyi: idan ba za a iya ba majinyaci atisaye da bibiya mai tsawo ba, kada a yi masa tiyatar. Dalilinsu abin tsoro ne. Yaron da ke cin abinci ta ramin kuncinsa, idan aka rufe ramin sannan muƙamuƙi ya sake ƙagewa, an toshe masa ƙofar abinci gaba ɗaya.

Atisayen da ake magana a kai ba shi da wuyar fahimta. Ana fara shi tun ciwon na warkewa, kafin tabo ya taurare, a ci gaba bayan tiyata. Yaro yakan buɗe baki iyakar ƙarfinsa, ya karkata muƙamuƙi dama da hagu, ya turo shi gaba. Ana jera ƴan sandunan katako masu faɗi, irin waɗanda likita ke danne harshe da su, a sa tsakanin haƙoran gefe, a riƙa ƙara ɗaya-ɗaya yayin da baki ke saki. Ana murza tabon da yatsu ta ciki da ta waje domin ya yi laushi. Akwai kuma atisayen leɓe da harshe, na riƙe yawu da na fitar da haruffa. Ana maimaita wannan sau da yawa a yini, wata da watanni, har shekaru, domin tabo ba ya daina ja da wuri, kuma fuskar yaro tana girma alhali tabon ba ya girma tare da ita. Wannan na daga dalilan da ke sa a jinkirta tiyata har tabo ya zauna, galibi shekara guda ko fiye bayan ciwon, wani lokaci ma har yaro ya yi wayon da zai ba da haɗin kai.

Wuyar tana cikin ɗorewa. Atisayen yana da zafi, kuma ɗan shekara biyar ba ya gane amfanin zafin da ake sa shi yau don abin da zai gani baɗi. A cibiya akwai ma'aikaci da ke tsaye kansa, akwai sauran yara da suke yi tare. Idan ya koma ƙauye, a ƙaramar hukumar karkara irin Hamdara ta gundumar Mirya, aikin ya koma hannun uwa ko kaka, wadda ke da daka da ɗiban ruwa da goyo, da damina kuma ga gona. Ƙwararrun gashin ƙashi a Nijar ba su da yawa, kuma galibinsu a manyan birane suke. Uwar da ta ga ɗanta na kuka, ta kuma ga baki a buɗe, ba abin zargi ba ce idan ta ɗauka aiki ya ƙare. Raguwar tana zuwa ne a hankali, milimita ɗaya yau, ɗaya wani watan, ido ba ya kama ta sai ta yi nisa. Saboda haka tsarin da ya fi dacewa shi ne a koya wa uwa da hannunta tun tana cibiya, a ba ta ma'auni mai sauƙi, kamar adadin sandunan da ya kamata su shiga, a kuma riƙa kai mata ziyara. Uba da ya ɗauki atisayen safe ko na dare a wuyansa ya rage mata kaya mai yawa.

Milimita ba ita kaɗai ce ma'aunin nasara ba. Tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa asibitin Sakkwato, kuma a 2020 aka buga bibiyar mutum 37 wata 18 bayan tiyata. Ban da awon baki, an tambaye su yadda rayuwa ta kasance, suka bayyana cewa ta inganta: cin abinci da sha sun yi sauƙi, shiga jama'a ya yi sauƙi. Wannan ɓangare yana da muhimmanci, domin yaron noma yakan sha tsangwama, a hana shi makaranta, a rufe masa fuska da gyale, idan ya girma aure ya yi masa wuya. Fuskar da aka gyara tana mayar da shi cikin sa'o'insa ko da bakin bai buɗe yadda likita ya so ba. Masu bincike na yanzu suna auna duka biyun, abin da rula ta nuna da abin da mai jikin ya faɗa. Waɗanda suka tsira ma sun fara magana da bakinsu. Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a Sakkwato, da Fidel Strub, haifaffen Burkina Faso, sun kafa Elysium, ƙungiyar farko ta waɗanda suka rayu bayan noma.

Dole a faɗi iyakar waɗannan nazarce-nazarce. Adadin mutanen kaɗan ne, 36 a nan, 121 a can, 37 a wancan. Na Sakkwato na 2010 da na Janiba duk waiwaye ne, ba a raba majinyata gida biyu ta ƙuri'a don gwada hanya da hanya ba. Waɗanda aka auna su ne waɗanda aka iya ganowa, kuma wanda ya ƙaura ko ya rasu ba ya cikin lissafi. Akwai ma wata tambaya da mai hankali zai yi: atisaye ne ya buɗe bakin, ko kuwa waɗanda rauninsu bai yi tsanani ba ne suka fi iya jure atisayen? Duk da haka, nazari biyu daga ayari biyu, a wurare biyu, sun nuna hanya ɗaya, kuma abin da aka sani game da halin tabo a ƙuna da sauran raunuka ya goyi bayansu.

A watan Janairu na 2023 Najeriya ta miƙa wa Hukumar Lafiya ta Duniya buƙata a madadin ƙasashe 32, kuma ranar 15 ga Disamba na wannan shekara aka sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. A watan Mayu na shekarar, babban taron hukumar ya zartar da ƙudurinsa na farko kan ƙarfafa ayyukan farfaɗowa cikin tsarin kiwon lafiya na ƙasashe. Matakan biyu sun buɗe ƙofar kuɗin bincike. Tambayoyin da ke jiran amsa a fannin farfaɗowa sun haɗa da sau nawa ya kamata a yi atisaye a yini da tsawon shekarun da zai ɗauka, wane kayan aiki ne ya fi dacewa da ƙaramin yaro, a wane shekaru ne sakin muƙamuƙi ya fi ɗorewa, da kuma ko ma'aikacin gidan likitan karkara da aka horar zai iya riƙe bibiyar da ƙwararre ke yi a birni. Amsa kowace daga cikinsu tana bukatar rajista mai ɗauke da sunan ƙauye, ranar tiyata da awon baki na kowace ziyara, a Damagaram da Maraɗi da Sakkwato, da ma'auni iri ɗaya, na tsawon shekaru masu yawa bayan sallama.